Abin Da Zan Rubuta a Bayan Motar

Wurno, Jihar Sakkwato

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ka, kuma masaukin da kamfanin ya ba ka yana da ruwa da wurin salla. Allah Ya tsare ka daga sharrin baƙon gari, Ya haɗa ka da abokan arziki. Innarku tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka bai zube a cikin tufafi ba. Sunan da ka gani a bayan ambulan ƙanwarka Dije ce ta rubuta shi. Ɗan fari, kuma mai sunan mahaifina, kunya biyu ke nan a kaina, hannuna ma ba ya iya kama sunan nan balle bakina.

Abin da ya sa na zauna da biro ke nan. A waya daga "kana lafiya" sai "Allah Ya yi albarka", ba na iya ƙara komai. A takarda kuwa ba ka ganin idona, don haka bari in faɗa maka gaskiya: murna ta kusa kashe ni. Ɗana zai ƙera mota! Ranar da aka kira ka aka ce kamfanin haɗa motocin nan ya ɗauke ka, ka ga na ce "to, madalla" na ɗauki buta na zaga baya. Ba alwala na je yi ba. Dariya na je yi ni kaɗai, har akuyar Innarku ta tsaya tana kallona. Shekara da shekaru ina jan albasar mutane daga fadama zuwa kasuwa a cikin motocin da wasu suka ƙera, yau ga jinina a wurin da ake haifar mota.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ana gobe za ka tafi, Kawunka Sahabi ya tare ka a zaure, ina daga ciki ina jin ku. Shi da yake shigo da motoci daga Kotono, bakinsa ya saba da ciniki.

"Mi za ka yi can, yaro?" in ji shi. "Motag gida? Wa za ya saye ta? Taho wajjena mu yi harka, kahin shekara ta kewayo ka aje taka ta kanka."

Na ji ka ce za ka yi shawara. Wannan "zan yi shawara" ita ce ta hana ni sakewa. Na san Sahabi, zai riƙa kiran ka a waya duk ranar da aiki ya yi maka zafi. Ba mugu ba ne, ɗan'uwan mahaifiyarka ne kuma yana son ka. Sai dai ni na daɗe a cikin abin da yake sayarwa fiye da shi, don shi sayarwa yake yi, ni kuwa ni ake bari da ita a kan hanya. Saurara ka ji.

Ka taso ka tarar ana ce mini Garba Beljiyam, wataƙila ba ka taɓa tambayar dalili ba. Lokacin da na sayi a-kori-kurata ta farko, duk abin da yake mai kyau a tasha Beljiyam ake ce masa. Injin Beljiyam, giya Beljiyam, har rago idan ya yi ƙiba sai ka ji an ce wannan Beljiyam ne. Ni a zatona kalmar tana nufin abu na asali, gangariya. Ban san sunan wata ƙasa ba ne, ban kuma san ma'anarta a kasuwa ita ce abin da wasu suka mora suka gaji ba. Na kai motar wurin mai fenti na ce ya rubuta mini a bayanta da jan fenti, manya-manya: ASALIN BELJIYAM. Na yi ta yawo da ita tsakanin Wurno da Rabah ina hura hanci.

A satin farko na ɗauko wani dattijo daga Kwargaba, limamin ƙauyensu, ana tsakiyar bazara kuma ana azumi. Na sa shi gidan gaba don girmamawa. Na ce a raina bari in nuna masa abin da ake kira mota. Na ɗaga gilasai, na murɗa wani maɓalli zuwa wajen ja, don a ganina ja shi ne ƙarshen ƙarfi. Iska ta fara fitowa. Muka yi nisa. Gumi yana zuba daga gemun Liman, ni ma rigata ta jiƙe sharkaf, amma girman kai ya hana ni taɓa maɓallin. Can sai ya juyo a hankali.

"Ɗana, wagga iska taku ta zamani, haka taka yi kullum?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai ta ɗan ɗauki lokaci."

Ya ce, "To tsaya in sauka. In wuta ta, gara in jira ta Lahira, ita aƙalla da hisabi aka shiga."

Ashe abin ɗumama ɗaki na kunna masa, wanda aka yi wa mutanen da sanyi ke kashewa. Kuma ka san ƙaramar marar nan ta roba mai baki faifai da Innarku take kwashe tuwo da ita? A ƙarƙashin kujerar motar nan na tsince ta. Kai ne da ka shiga makarantar koyon sana'a ka gaya mana ta kankare ƙanƙara ce daga gilashi. Innarku ta ce ita dai ba ta ga ƙanƙara ba, tuwo ta gani, har yau tana nan a madafa.

Abin dariya ne, amma ka duba abin da ke ƙarƙashinsa. Motar nan ba don mu aka yi ta ba. Wanda ya zana ta bai taɓa jin sunan Goronyo ba. Cikinta a ƙasa yake, yashin hanyar Rabah ya riƙa kama ta. Lagiretonta na ƙasar sanyi ne, kafin in kai Achida ta tafasa sai na tsaya na ba ta ruwa. Ƙarƙashinta duk tsatsa, wai gishirin da suke zubawa a titunansu ne ya cinye shi. Saboda haka shawarata ta farko: duk abin da aka ajiye a gabanka a wurin aiki, ka tambayi kanka, wannan zai iya hanyar Sisawa da damina? Zai ɗauki buhunan albasa har sama da mutum biyar a kansu, don ka san mutanenmu ba a hana su hawa? Idan manyanka suna shawara suka ba ka dama, ka yi magana da ladabi, ka gaya musu zafin garinku da yashinsa da irin lodinsa. Su sun fi ka sanin ƙarfe, kai kuma ka taso a bayan a-kori-kura. Kada ka ji kunyar cewa daga ƙauye kake, abin da ka kawo musu ke nan.

Na biyu ya fi wannan ciwo, ko da yake shi ma da na tuna sai in yi murmushi. Ka san Ummaru mai walda na Goronyo. Babu motar da ke shigowa yankin nan ta fara aiki sai ta kwana a garejinsa. Shi zai ɗaga ta, ya ƙara mata ganyen sifirin, ya yanke bodin da ta zo da shi ya ƙera mata na ƙarfe mai haƙarƙari wanda zai riƙe buhu. Wato rabin motar da nake taƙama da ita a Goronyo aka yi shi. Da ya gama mini nawa, ya ɗauko fenti zai sa ɗan tambarinsa a gefe, sai na riƙe hannunsa.

"Kak ka sa," na ce masa. "Bar shi hakanan. In an tambaya, da shi taz zo."

Ya dube ni ya ce, "Garba, aikina na hwa. Mi ad da shi na kunya?"

Na ce ba kunya ba ce, kasuwa ce. Ya ajiye fentin. Injin motar nan ya mutu, giyarta ta mutu, na sayar da gawarta, amma bodin Ummaru sai da na ɗora shi a kan mota ta biyu, yanzu haka shi ne a kan ta uku. Duk tsawon shekarun nan direbobi suna shafa shi suna cewa, kai, Turawa sun iya ƙarfe. Ni kuma ina gyaɗa kai.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ga abin da na gano. Mu mutane ne masu kara. Ba ma faɗin sunan ɗan fari, ba ma yabon namu a gaban jama'a, idan aka yaba ɗanka sai ka kawar da kai ka ce ai shashasha ne. A kan 'ya'ya wannan tarbiyya ce mai kyau, ba zan bar ta ba. Kuskurenmu shi ne mun kwashe kunyar nan mun ɗora wa abin da hannunmu ya ƙera. Mun mai da aikin gida ɗan fari, ba a kiran sunansa. Shinkafar da aka noma a fadamar Wurno sai an zuba ta a buhun waje kafin ta yi daraja. Fatar akuyarmu ta Sakkwato a kwashe ta a fita da ita, ta dawo a jikin takalmi da sunan wani. To ta yaya mai saye zai nemi abin da mai shi ya ɓoye? Kai dai kada ka gaji wannan daga wurina. Idan aka tambaye ka aikin me kake yi, kada ka ce "muna ɗan taɓawa". Ka ce mota muke ƙerawa, a nan ƙasar, kuma ka faɗi sunanta da ƙarfi.

Ga wani kuma. Wata shekara wani ƙaramin ƙarfe ya karye a cikin giyar mota ta biyu, abin da bai fi tafin hannu ba, kuma daidai lokacin da albasa ta fito. Na riga na yi wa manoman Taloka alkawarin ni zan kwashe musu. Aka nema a Sakkwato babu, aka aika Kano babu, aka ce sai an yi oda daga waje. Kullum in je wurin mai kayan gyara ya ce jirgi yana hanya. Manoman suka jira ni saboda amana, har zafi ya shiga albasar ta fara ruɓa daga ƙasa. Ranar da na je ba su haƙuri, warin ne ya tare ni tun daga bakin gari. Wani tsoho a cikinsu bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Garba, da ka hwaɗi muna tun da wuri." Wautata a nan ita ce na ɗora abincin mutane a kan abin da ba ni da iko da shi, ba kuma wanda na sani da yake da iko da shi. Jirgin ruwa bai san albasa tana ruɓa ba.

Don haka idan ka samu kunnen manya, ka gaya musu mota ba ta ƙarewa a ranar da aka sayar da ita. Direba ba ya tambayar kyanta, tambayarsa ita ce, idan ta lalace a Goronyo ranar kasuwa, zan samu kayanta a Goronyo? Bakaniken garinmu zai iya buɗe ta? Ka san halin da hanyoyinmu suke ciki yanzu, mota ta mutu maka a daji da la'asar ba maganar asara ba ce kawai. Kuma kada ku tsaya a ɗaure notin abin da aka ƙero a wani wuri aka turo muku cikin akwati. Da haka ake farawa, na sani, ba na raina shi. Amma bana ku yi bodi da kujeru, baɗi ku yi sifirin da lagireto, wata rana a wayi gari injin ma naku ne. Ina zaune a nan ina hango kujerar mota da jar fatar Sakkwato, wallahi har tsigar jikina take tashi. Batir a yi shi a nan, gilashi a nan, taya a nan. Yaran da ke zaune a bakin tasha ba aikin yi, kowa ya samu abin bugawa. Ka ga na fara zuba, Dije tana leƙowa tana cewa Baba kai da wa kake magana.

Sai dai kada murnata ta rufe maka ido. Za a yi muku dariya. Motarku ta farko za ta yi laifi, wata ƙofa za ta ƙi rufuwa, wani abu zai yi ƙara, kuma ranar da guda ɗaya ta tsaya a hanya duk tasha za ta ji. Beljiyam ɗari su mutu ba mai magana, a ce ƙaddara ce. Ta gida ɗaya ta yi tari, a ce ai dama mun faɗa. Na san haka domin da bakina aka yi irin wannan. Wani yaro a Rabah ya taɓa haɗa injin ban-ruwa da hannunsa, na karɓa na gwada a bakin gulbi, ya yi aiki ya tsaya. Maimakon in mayar masa ya duba, sai na ɗauke shi na kai majalisa muka yi ta shewa. Ban sake jin ya ƙera komai ba. Injin waje kuwa da ya tsaya mini, lallaɓa shi na yi na kai wa mai gyara har sau ba adadi. Idan aka kawo muku ƙorafi, ku karɓa hannu biyu ku gyara, wanda ya dawo da ƙorafi bai yanke ƙauna ba. Idan dariya ce kawai, ka bar ta ta wuce ta kan ka. A irin ranakun nan ne wayar Kawunka za ta shigo, ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali, ka ce kana nan inda kake.

Kuma ka ji tsoron Allah a kan noti. Ba wa'azi zan yi maka ba, ka fi ni karatu. Amma duk notin da ka bari sako-sako don an kusa tashi, wani ne zai gangara da shi gadar gulbi da lodi a bayansa. Ka ɗaure shi kamar ubanka ne zai tuƙa motar.

Ban faɗi haka don ado ba, ubanka ne zai tuƙa ta. Ga labarin da na ɓoye sai yanzu. Tsohuwa, motata ta yanzu, ta gaji. Injinta yana shan baƙin mai kamar kunu, Ummaru ya saurare ta ya ce idan ta fitar da ni kakar albasar bana in yi sadaka. Shekaranjiya a tasha Sahabi ya same ni cikin direbobi, ya ce akwai wata a-kori-kura tana tafe daga Kotono, ya ajiye mini ita.

Na ce, "Ba ni so."

Direbobi suka juyo. Ya ce, "Mi kac ce?"

Na ce, "Na gama da Beljiyam. Ta gida nika jira, irin wadda aka ƙerawa inda yaron ga yat tahi."

Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce Garba Beljiyam ya tuba, a kawo goro. Wani ya ce in tanadi jaki kafin ta iso. Sahabi ya girgiza kai ya ce, "Yaya, in yaron ga ya baro wurin hwa? Kai da mota duka kun zan abin labari." Na ce masa ba zai baro ba. A gaban kowa na faɗa, ni da ban taɓa yabon ka a gaban mutum biyu ba. Da na dawo gida, Innarku ta ce me ya same ni, na ce ba komai, sai ta ce to me ya sa nake murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ka ga inda na tsaya ke nan. Abin da na tanada don canjin mota na ɗaure shi, ba zai tafi Kotono ba. Zan lallaɓa Tsohuwa da addu'a da waldar Ummaru har ta kai ni. Ba ina ɗora maka kaya ba ne don ka ji nauyi. So nake ka sani, duk safiyar da ka sa rigar aiki, akwai wani direba a Wurno da ya jingina sana'arsa da mutuncinsa a kan abin da hannunka yake yi, kuma hankalinsa kwance yake.

Na riga na shirya yadda ranar za ta kasance. Ba zan bari a kawo mini ita ba, da kaina zan zo in ɗauke ta. Daga nan sai Goronyo, Ummaru ya duba ta, idan akwai abin da zai ƙara ya ƙara, kuma wannan karon tambarinsa zai hau inda kowa zai gani, ni zan riƙe masa gwangwanin fentin. Sannan a kai ta wurin mai rubutu. Na daɗe ina tunanin abin da za a sa a bayanta, a gurbin wancan shirmen na jan fenti. Na samu. Kalma biyu ce a gaba, AIKIN HANNUN, sai sunanka ya biyo, cikakke, yadda liman ya raɗa maka shi.

Matsalar ɗaya ce, ba zan iya faɗa wa mai fenti abin da zai rubuta ba. Innarku ma ba za ta iya ba. Mun yi shawara, da Dije za a je, ita za ta faɗa, ni in tsaya daga nesa ina duba taya. Bayan haka kuma ba ruwana. Ka san yaran makaranta ba sa barin rubutun mota ya wuce su. Daga Wurno zuwa Kwargaba, daga Rabah zuwa Taloka, duk garin da na ratsa da lodin albasa za su biyo ni a guje suna karanta shi da ƙarfi. Ni ban faɗa ba, ban karya al'ada ba. Ina dai gaba riƙe da sitiyari, gilashi a sauke, ina ji.

Ka tsare salla a kan lokacinta, ka ci abinci, ka riƙa kiran Innarku ko ba ka da abin faɗa. Allah Ya kiyaye hannunka daga ƙarfe da wuta, Ya kiyaye ƙafarka a hanya, Ya sa albarka a abin da za ku ƙera. Ya kuma ba Tsohuwa numfashin da za ta jira ƙanwarta.

Ni ne mahaifinka,
Garba, wanda ake ce wa Beljiyam kafin motarka ta iso.